Giwar Yankari da Haƙƙin Maƙwabtanta

Duk wanda ya taɓa barin birnin Bauchi da sassafe ya kama hanyar Gombe, ya karkata kudu daga Dindima, ya ratsa gonakin dawa da masara har ya iso ƙofar Mainamaji, sa'an nan ya ƙara tafiyar kilomita wajen 40 cikin dajin da ba a jin motsin komai sai kukan tsuntsaye da iskar da ke kaɗa gamba, lalle ba zai manta da sa'ar da ya sauka matakalar nan ya tsaya a bakin ruwan Wikki ba. Ruwa ne garai-garai, yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, yana gudana bisa farin yashi a inuwar manyan itatuwa, har mutum yana iya ƙirga 'yan yatsun ƙafarsa alhali ruwan ya kai masa ƙirji. Ɗuminsa kuwa ba ya sauyawa dare da rana, rani da damina, yana nan a digiri 31, ta yadda wanda ya shiga cikinsa da asubahin hunturu, lokacin da sanyi ke sa haƙora kaɗawa, sai ya ji kamar an surka masa shi ne da hannu. Masu awo sun ce lita miliyan 21 yake zubarwa kowace rana zuwa Kogin Gaji, kuma tun kafin a haifi kakannin kakanninmu yake wannan aiki. Na tsaya a wurin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma a kowace tsayawa abin da yake zo mini a rai shi ne, wannan ni'ima amana ce Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora wa mutanen wannan jiha, amana kuwa ana tambaya a kanta ranar da ba a karɓar hanzari.

Na ce mutanen wannan jiha, kuma da gangan na faɗa, domin tarihin wurin da kansa shi ne ya hukunta haka. A shekarar 1956 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta amince a keɓe wannan daji don kiyaye namun dawa, aka sa shi ƙarƙashin kulawar En'e ta Bauchi, aka kuma buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. Da aka rarraba jihohi sai ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas, daga bisani Jihar Bauchi ta gaje shi a 1976. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin jerin gandayen ƙasa, ya zauna a hannunta shekara 15, har zuwa 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, sa'ad da jiha ta nemi a mayar mata da abinta, aka kuwa mayar mata. Ma'anar wannan ita ce, faɗin ƙasar nan mai murabba'in kilomita 2,244, wanda yake kwance a Ƙaramar Hukumar Alkaleri tsakanin ƙasashen Duguri da Pali da Gwana, tun daga wannan shekara babu wanda za mu nuna wa yatsa a Abuja a kansa, in ya gyaru mu ne, in ya lalace mu ne. Kuma tun da kasafin kuɗinsa a majalisar dokokin jiharmu ake zartar da shi, waɗanda suke zartarwar kuwa da ƙuri'unmu suka hau kujerunsu, to ashe maganar Yankari magana ce ta talakawa kafin ta zama ta hukuma.

Wanda ya zagaya cikin gandun da idon basira zai ga cewa dajin nan bai taɓa zama baƙo ga ɗan Adam ba. Akwai koguna 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin dutse, waɗanda ake kira da sunan Marshall, Baturen da ya bayyana su a 1980, kuma ana kyautata zaton mafaka ce ta mutanen da suka guje wa hare-haren zamanin bauta. Akwai rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, a haƙe kusa da juna, akwai kuma tsofaffin wuraren narkar da tama da suke tsaye har yau, shaida ce ta cewa maƙera sun hura wuta a nan tun ba a san Bature ba. Zuriyar waɗannan mutane, ko waɗanda suka gaji ƙasarsu, su ne suke zaune a ƙauyukan da ke kewaye da gandun, kuma kafin a ja iyaka iyayensu sun yi farauta a ciki, sun ɗebi zuma, sun yi su a Gaji, sun saro itacen gini. Ranar da aka ce musu kada su ƙara shiga, an ɗauke musu wani abu da suka sani ne, aka ce za a ajiye shi don amfanin kowa. Ni kuwa ina ganin keɓewar daidai ce, domin ba don ita ba, da yanzu babu ɓauna ko gwanki ko kanki ko dorina da ta saura a wannan yanki, babu kuma inda yaron Bauchi zai ga tsuntsaye iri fiye da 350 a daji guda. Amma daidai ɗin nan bashi ne, kuma bashin nan shi nake so mu duba ko an biya.

Asarar da aka riga aka yi ba ƙarama ba ce. Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, rabbi ya ƙare, kyarkeci ya ƙare. Annobar bushiya da ta auka wa shanun Arewa a 1983 ba ta tsaya a bakin iyaka ba, ta shiga ta kwantar da ɓauna masu yawa. Zakunan da suka saura 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma in ka cire gandun Kainji, babu wani daji a Najeriya da ake da tabbacin jin rurin zaki sai nan. Giwaye kuwa, waɗanda aka ƙirga ta jirgin sama a 2006 aka samu sun haura 300, masu harbi don haure sun yi musu ɓarna a shekarun da suka biyo baya, har ƙiyasin masana ya sauko zuwa ɗari ko ɗari da 'yan kai. Bayan da gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ƙungiyar kare namun dawa ta WCS a 2014, aka gyara tsarin sintiri, aka riƙa ba masu gadin daji guzuri da alawus na kwanan daji, aka rataya wa wasu giwaye abin wuya mai na'urar da ke sanar da inda garken yake, sai al'amari ya sauya, har aka yi shekaru a jere tun daga 2015 ba a tsinci gawar giwar da aka harbe don haurenta ba. Wannan nasara ce ta haƙiƙa, kuma wanda ya ƙi yaba ta bai yi adalci ba. Sai dai giwar da aka tsirar da ranta tana da ciki, cikin nan kuwa yana neman abinci mai nauyin buhuna kowace rana, kuma ba ta san inda aka kafa alamar iyaka ba.

Wata shekara da kaka, ina dawowa daga gandun, na yada zango a wani ƙauye na gefensa don in yi sallar azahar, sai na tarar da mutane cirko-cirko a bakin wata gona. Na ƙarasa na yi sallama. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba: dawa ce da ta yi kai, ta kusa isa yanka, an kwantar da ita gaba ɗaya kamar an yi sussuka a kanta, karan ya farfashe ya cuɗe da ƙasa, ga sawu nan manya-manya kamar bakin turmi, ga kashin giwa tuli-tuli yana tururi, da ƙwayar dawar da ba ta narke ba a cikinsa. Mai gonar wani dattijo ne, yana tsugune yana tsintar zangarniyar da ta tsira yana zubawa a cikin babbar rigarsa. Na ce masa, "Baba, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri." Ya ɗago kai ya ce, "Amin, Malam. Kwana goma sha ɗaya muna kwana a nan, muna kaɗa garwa, muna hura wuta. Jiya barci ya sace yaran, ni kuma ƙafa ta hana ni fitowa." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ƙara da cewa, "In saniyar Bafillace ce ta yi mini haka, na san gidan Arɗo, na san gidan Sarki. To wannan fa, Malam, gidan wa zan je?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar. Na ba shi abin da ya sawwaƙa, na shiga mota, amma tambayarsa ta biyo ni har gida, kuma ita ce sanadin wannan maƙala.

Da na yi ta jujjuya ta a zuciyata sai na ga cewa malamanmu na fiƙihu sun riga sun aza harsashin amsarta tun ƙarnuka masu yawa. Sanannen hukunci ne a mazhabar Malikiyya, wanda almajiri yake karantawa tun a Risala, cewa abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare, lamuninsa yana kan mai dabbobin, domin tsare dabba da dare aikin mai ita ne, kamar yadda tsare gona da rana yake aikin mai gona. Asalin hukuncin kuwa shari'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke ce a kan taguwar Bara'u ɗan Azibu da ta shiga garkar wani mutum ta yi ɓarna, kuma tun kafin wannan Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin shari'ar da aka kawo gaban Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, a kan tumakin da suka kwana suna kiwo a gonar wasu. To idan hukuma ta ce giwar nan tata ce, ta hana manomi ya ɗaga mata bindiga, ta tanadi tara da ɗauri ga wanda ya taɓa ta, ta kuma kafa ƙofa tana karɓar kuɗi daga masu zuwa kallonta, ashe kuwa ta tsaya a matsayin mai dabba, kuma giwa da dare take shiga gona. Na san wani zai ce dabbar daji ba a mallakarta kamar saniya, kuma ba a ɗaure ta a turke, wannan kuwa magana ce mai nauyi da ta cancanci malamai su zauna a kanta. Amma ƙa'idar nan ta fuƙaha'u da take cewa wanda yake cin riba shi yake ɗaukar asara ba ta bar mana wurin zamewa ba, Bahaushe ma ya faɗe ta da nasa harshe, ya ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ba ya halatta a shari'a, ba ya kuma kyautuwa a hankali, a ce maslahar jiha duka, bal ma ta ƙasa duka, a ɗora kuɗinta a wuyan wanda ya fi kowa rauni a cikinmu, mutumin da abincin iyalinsa na shekara yake tsaye a fili babu katanga.

Za a ce ina kuɗin da za a biya wannan ɓarna, alhali gandun da ƙyar yake ɗaukar nauyin kansa. Amsa ita ce, waɗansu ƙasashen Afirka da ba su fi mu arziki ba sun sami hanya. A Yuganda doka ta wajabta a ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandun daji a mayar wa al'ummomin da ke maƙwabtaka da shi, ana gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da shi, ana kuma haƙa ramukan da suke tare giwaye. A Ruwanda kashi 10 ake warewa daga kuɗin yawon buɗe ido na gandaye. A Kenya an jarraba kewaye gona da amya a rataye bisa waya, domin giwa tana tsoron zuma ƙwarai, in ta taɓa wayar amyoyin suka girgiza sai ta juya, manomi ya tsira da dawarsa, ya kuma sami zuman sayarwa. Mu kuwa rataya amya sana'ar kakanninmu ce, ba sai an koya mana ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, inda raƙuman dawan Kure, gabas da Yamai, suka ragu har suka koma 49 a 1996, suna zaune a tsakiyar gonakin mutane babu shinge, suna cin wake da mangwaron talakawa. Da aka jawo mutanen ƙauyukan a jika, aka mai da samarinsu 'yan rakiyar baƙi, aka taimake su da rijiyoyi da rancen sana'a, sai raƙuman suka hayayyafa har suka wuce 600, aka ma ɗebi waɗansu a 2018 aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Dabbar da ta ƙare a Yankari mai iyaka da masu gadi, ita ce ta rayu a Kure a hannun manoma, kuma bambancin da na gani tsakanin wuraren biyu shi ne, a can manomi ya ga rabonsa a jikinta.

Makiyaya su ne ɓangare na biyu na wannan mas'ala, kuma nasu ya fi wuyar warwarewa. Shigar shanu cikin gandu ɓarna ce tabbatacciya: suna cinye ciyawar namun dawa, suna kawo musu cuta, masu su suna sassare rassan kawo da maɗaci don ciyar da su da rani, wani lokaci kuma a sa wa zaki guba a mushe don ya kashe saniya. Ban yarda a buɗe musu ƙofa ba ko kaɗan. Amma ina so mu tuna da asalin keɓe ƙasa a Musulunci, wato abin da malamai suke kira hima, mu kuma muke da makamancinsa a kalmarmu ta hurumi. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu ya kula da ita. Kuma a cikin wasiyyar da ya yi masa, wadda Imamu Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa, ya umarce shi da ya tausasa wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya kuma fifita mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki kaɗan a kan manyan attajirai, bisa hujjar cewa attajiri in dabbobinsa suka halaka yana da gonar da zai koma, talaka kuwa wurin shugaba zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Malam Abdullahi na Gwandu ma ya yi bayanin hukunce-hukuncen hurumi da keɓe ƙasa a littafinsa Ta'alimur Radi, saboda haka wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, shugaban da ya keɓe daji wajibi ne ya duba inda mai ƙaramin ƙarfi zai sa kansa. In an hana makiyayi shiga Yankari, kuma ya kamata a hana shi, to a fitar masa da burtalin da gonaki suka cinye, a gyara masa mashaya a wajen iyaka, a yi wa shanunsa allurar rigakafi, wadda kariya ce ga ɓaunar gandun ita ma. A kuma bambance tsakanin mai shanu goma da ya rasa wurin kiwo, da yaron da aka ba kiwon garken wani mai hali na birni, domin sau da yawa yaron ne yake shiga hannu, mai garken kuwa yana gida.

Wanda yake ganin wannan duka maganar dabbobi ce kawai, ya dubi Sambisa. Gandun namun dawa ne shi ma a ƙasar Borno, da giwayensa da ɗakunan baƙinsa, aka yi sakaci da shi har masu gadi suka janye, hanyoyin sintiri suka toshe, sai waɗanda kowa ya sani suka mai da shi sansani. A dubi Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, a dubi dajin Rugu, a dubi yadda Falgore ya taɓa zama abin fargaba ga matafiya. Daji ba ya zama babu mai shi, in mutanen kirki suka juya masa baya, waɗansu za su shiga. Ƙasar Alkaleri kanta ta ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Masu gadin Yankari, waɗanda suke kwana bakwai ko fiye a daji da ƙafa, cikin ƙudan tsando da macizai, waɗanda kuma wasunsu suka rasa rayukansu a hannun masu farautar sata, suna tsare garuruwanmu ne a daidai lokacin da suke tsare giwa. Amma komai ƙwazonsu, mutum ɗari ba za su iya sa ido a kan iyakar da take da tsawon ɗaruruwan kilomita ba. Wanda yake ganin baƙon sawu a bakin rafi, wanda yake jin ƙarar babur da tsakar dare, wanda ya san wane ne yake sayar da ƙwaryar nama busasshe a kasuwar ƙauye, shi ne maƙwabcin gandu, kuma zai faɗa ne kawai in yana ganin gandun nasa ne. Tsarin nan da aka fara na ɗaukar waɗansu mutanen ƙauyuka a matsayin masu lura da giwaye, suna buga waya in garke ya doso gonaki, ya nuna cewa hanyar tana ɓullewa, sai dai a faɗaɗa ta.

Saboda haka nake kira ga mutanen Jihar Bauchi, na birni da na karkara, da mu ɗauki kare Yankari a matsayin farali kifaya, wanda in babu wanda ya tsaya masa laifin ya hau kan kowa. Abin da nake nufi ƙungiya ce ta jama'a, mai rajista da shugabanni sanannu, wadda za ta haɗa hakimai da dagatan ƙasashen Duguri da Pali da Gwana, da arɗaɗɗan Fulani, da sarakunan baka waɗanda suka san dajin kamar tafin hannunsu, da matan da suke shan wahalar itace da ruwa, da malaman Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da 'yan kasuwa da 'yan jaridar jihar. Aikinta na farko ta je majalisar dokoki lokacin da ake sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, ta nemi a rubuta kason gandun a fili, ta kuma bi sawu ta ga an saki abin da aka rubuta, domin rubutawa daban, sakewa daban. Ta nemi a kafa doka da za ta ware wani kaso sananne na kuɗin ƙofa da na masauki ya shiga asusun maƙwabta, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a kowace shekara. Ta nemi a ba 'ya'yan ƙauyukan fifiko wajen ɗaukar masu gadi da direbobi da 'yan rakiya, a kuma tanadi abin da za a riƙe iyalin wanda ya mutu a bakin aiki da shi. Gyaran masauki da hanya da wutar lantarki yana da muhimmanci, domin baƙon da ya kwana cikin jin daɗi shi ne yake dawowa da waɗansu, amma ina roƙon kada a fara da fenti a bar sintiri, gama ba don ɗaki mutum yake tahowa daga Legas ko Kano ba, ɗakuna suna can inda ya baro.

Akwai kuma aikin da ba ya bukatar izinin kowa. Limamanmu suna iya keɓe huɗuba guda a shekara su yi bayanin haramcin ɓarna a bayan ƙasa da haƙƙin dabba a kan mutum, su kuma gaya wa mai sayen naman da aka sato daga gandu cewa shi abokin tarayya ne a cikin laifin. Attajiranmu da suke neman sadaka mai gudana suna iya ɗaukar nauyin mota guda ta kai 'yan makarantar firamare na ƙauyukan iyaka cikin gandun, domin abin takaici ne ƙwarai a ce yaron da aka haifa tafiyar sa'a guda daga Wikki bai san giwa ba sai a matsayin dodon da yake hana shi barci da kaka, alhali ɗan wani daga nesa ya zo ya yi wanka ya ɗauki hoto ya koma. Yaron da ya ga garke yana shan ruwa a Gaji da la'asar, uwa tana tura ɗanta da hanci, zai girma da wani abu a zuciyarsa da wa'azin shekara ba zai sa masa ba.

Amma abin da na fi so a fara da shi, tun kafin doka, tun kafin asusu, shi ne littafi guda. A kowace gunduma ta iyakar gandun a sami kwamiti na mutum uku ko biyar, da wakilin dagaci, da malamin gona, da wakilin masu gadin daji, wanda duk sa'ad da giwa ta shiga gona za su je kafin rana ta faɗi, su auna abin da ya ɓaci, su rubuta sunan mai gona da irin shukar da ƙiyasin dami ko buhun da ya rasa, kowa ya sa hannu. Wannan ba ya cin kuɗin da ya wuce na takarda da man babur, kuma da shi ne ƙungiyar za ta tsaya gaban majalisa da hujja a hannu, ta ce ga abin da mutanen Alkaleri suka biya bana a madadin jiha. Dawa tana yin kai ne a watan Oktoba, giwaye kuwa sun san lokacin kamar yadda manomi ya san shi, saboda haka in za a kafa kwamitocin nan, kafin ruwa ya ɗauke ya kamata a kafa su, domin dattijon nan da waɗanda suke cikin halinsa su san gidan da za su je da safe.